Ɗan Kallo Da Mai Kisan Kai

Tun zamanin da mutane suka fara wasan kwaikwayo a ke wata gardama, har yau kuwa ba a kashe ta ba. Gardamar ita ce: in an fito da mugun mutum cikin wasa, ɗan wasan da aka ba matsayin ya iya aikinsa ƙwarai, har 'yan kallo suka ji daɗinsa, waɗansu ma suka ji tausayinsa, shin gyara aka yi ko ɓarna? Wani masani na ƙasar Girka mai suna Aflatun, wanda ya rasu yau fiye da shekara 2,300, ya ce ɓarna ce. A ganinsa wanda ya daɗe yana kwaikwayon miyagu, a kwana a tashi halinsu zai shige shi, mai kallo kuma ba zai tsira ba. Masu shirya majigi a Amurka su ma sun ji irin wannan tsoro. Cikin 1930 suka rubuta wa kansu ƙa'idodi, suka soma tsananta bin su daga 1934, ɗaya daga ciki kuwa ita ce kada a shirya wasan da zai karkata zuciyar 'yan kallo wajen mai laifi. Aka yi ta bin ƙa'idodin nan har 1968, sa'an nan aka ajiye su.

Cikin wannan shekara ta 1968 gidan talabijin na NBC ya nuna wasan farko na wani ɗan sandan ciki na birnin Los Anjalis, ana ce da shi Laftanan Kolombo. Mutum biyu suka ƙago shi, Richard Levinson da William Link. Daga 1971 aka riƙa nuna shi har 1978, aka huta, sa'an nan gidan ABC ya ɗauko shi daga 1989 har 2003. Duka duka an yi labari 69, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. An nuna shi a ƙasashe da yawa, masu kallonsa kuwa ba su daina musu bisa miyagun cikinsa ba. Da wuya a sami wasan da ya fi shi dacewa a auna tsohuwar gardamar nan da shi, sabo da yadda aka gina shi.

A sauran wasannin 'yan sanda ɓoye mai laifi a kan yi sai can ƙarshe, ɗan kallo yana ta canke-canke, ko wannan ne, ko wancan. Nan kuwa juya abin aka yi. Kusan kullum, da buɗe wasa sai a nuna mai kisan, da gidansa, da dalilinsa, da yadda ya ƙulla dabararsa, da yadda ya share sawunsa. Sau da yawa sai an yi minti 15 ko 20 kafin ɗan sandan ya bayyana. Watau ɗan kallo ya riga hukuma sanin gaskiya, ya zama kamar wanda ya leƙa ta katanga ya ga abin da ya faru aka kuwa ɗaure masa baki. Abin da ya rage masa ya gani shi ne ta inda za a ɓullo wa mai laifin. Don haka tilas ya zauna tare da shi sa'a guda da wani abu, gabansa yana faɗuwa tare da nasa duk sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mai ƙwanƙwasawar kuwa ba shi da kwarjini ko kaɗan. Ɗan wasan da ya fito a matsayinsa shi ne Peter Falk, wanda aka haifa cikin 1927 ya rasu cikin 2011. Yana ɗan shekara 3 aka cire masa idon dama sabo da ciwon daji, aka sa masa na gilashi. Ga shi gajere, ga wata yamutsattsiyar rigar ruwa, wadda tasa ce ta kansa ya zo da ita wurin wasa, ga tsohuwar mota Peugeot, ga guntuwar taba mai kauri a hannu. Ba ya son riƙe bindiga. Kullum yana zancen matarsa, ba a kuwa taɓa nuna ta ba. Sai ya yi sallama ya kai bakin ƙofa, mai gida ya sauke numfashi, sa'an nan ya dafa goshi ya juyo ya ce af, saura tambaya guda. Waɗanda ya ke bi kuwa manya ne: likitoci, da lauyoyi, da marubuta, da attajirai, har da hafsan soja. Da ganin rigarsa sai su raina shi, sun manta kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

In masu kallo suka taru suna hirar wasan, ba safai su kan yi musu bisa Kolombo ba. Kowa ya yarda Falk ya iya, lambar yabo ta Emmy ma sau 4 aka ba shi sabo da wannan matsayi. Musun bisa miyagun ya ke. Wannan ya ce babu kamar Jack Cassidy, wanda ya fito mai kisa sau 3, cikin 1971 da 1974 da 1976, mai murmushin nan da kowa ya gani ya san ba har zuci ba ne. Wancan ya ce ina, ai Patrick McGoohan ya fi shi, shi da ya fito sau 4 aka ba shi Emmy sau 2. Wani kuma ya kawo Robert Culp, mai saurin fushi. Sai a ji dattijo mai mutunci yana cewa wane ya fi kowa iya kisa, yana faɗi yana dariya. Baƙon da bai san tushen zancen ba sai ya nemi takalmansa.

To, da fari a raba abu biyu da a kan cakuɗa. Yabon ɗan wasa daban, yabon laifi daban. Tsohuwar da ke yi wa jikokinta tatsuniya da dare, in ta zo kan Gizo ta kan sake murya, ta yi tsamin bakinsa, ta kwaikwayi yadda ya ke shirga ƙarya, yara su yi ta ƙyaƙyatawa. Ba wanda ya taɓa cewa tsohuwar nan maƙaryaciya ce don ta iya muryar Gizo. Haka wanda ya ce Cassidy ya iya, abin da ya ke nufi shi ne mutumin nan ya lura da masu fuska biyu, ya san yadda su ke gaisuwa, da yadda su ke jajantawa, ya kawo su gaban jama'a ba ragi. A wasan 1971, wanda Steven Spielberg ya shirya yana saurayi ɗan shekara 24, Cassidy ya fito a matsayin marubucin da ba ya rubuta kome, abokin aikinsa ke yi su raba suna da kuɗi. Da abokin ya ce zai ware, sai ya harbe shi don ya ci kuɗin inshora, ya kuma je wurin matar mamacin yana ba ta haƙuri. Wanda ya ga wannan ba da haƙuri, tsigar jikinsa ta tashi, ya sami wani ilmi da wa'azin sa'a guda ba lalle ya ba shi ba.

Nan ne maganar Aflatun ta gaza. Mugun da ba a iya kwaikwayonsa ba, shi ne ma ya fi cutar ɗan kallo. In kullum mugun wasa mai jan ido ne, mai tabo a kumatu, mai dariyar ƙeta, to, yaro zai tashi yana tsammani haka mugunta ta ke, ya riƙa gudun mummuna yana sakin jiki da mai babbar riga. Alhali kuwa wanda ya cinye gadon marayu ba safai ya ke da tabo a kumatu ba. A wani wasa na 1973 Leonard Nimoy ya fito a matsayin likitan fiɗa, Dokta Mayfield. Ya yi wa maigidansa aiki a zuciya, ya ɗinke da zaren da zai narke bayan 'yan kwanaki, don tsohon ya mutu a ce ajali ne. Wata ma'aikaciyar jinya ta gane, ya kashe ta. Ya sake kashe wani bawan Allah don a ɗora masa laifin. Nimoy bai zare ido ba, bai ɗaga murya ba. Sa'ad da a ke gaya masa ta waya cewa matar ta mutu, yana amsawa da muryar juyayi, hannunsa kuwa yana gyara agogon tebur, abin da Kolombo ya fara lura da shi ke nan. Masu kallo da yawa su kan ce cikin miyagun wasan duka babu wanda suka ƙi jini kamarsa. Shi kansa Kolombo, mai sanyin hali, a gaban likitan nan ne ya fusata har ya buga butar ruwa bisa tebur. Ƙin jinin nan da a ke yi wa Mayfield, shi ne ladan aikin Nimoy.

Har nan zancen mai sauƙi ne. Inda ya ke da wuya shi ne wajen miyagun da a ke so.

Cikin 1973 ɗin dai aka nuna labarin Adrian Carsini, mai sana'ar giyar inabi, Donald Pleasence ne ya fito a matsayinsa. Mutum ne mai ladabi, mai son sana'arsa kamar ransa. Ƙanensa, wanda suke uba ɗaya, shi ya gaji gonar, ya kuwa ce zai sayar da ita ga masu yin giya mai araha don yana bukatar kuɗi. Carsini ya fusata ya buge shi a kai. Pleasence ya yi wasan nan da taushi ƙwarai, har a ƙarshe, da asiri ya tonu, shi da Kolombo suka zauna cikin mota suna hira kamar aminai, kowa yana girmama ɗan'uwansa. Yadda aka kama shi ma abin tausayi ne, gama gwanintarsa ce ta ci shi. Kolombo ya sa aka kawo masa wata kwalba a gidan abinci, ya ɗanɗana ya ce zafi ya ɓata ta, abin da mutum ƙalilan ne a duniya za su iya ganewa, bai san daga rumbunsa aka ɗauko ta ba. Da wuya a sami mai kallon da bai ce wayyo ba.

Amma fa mai karatu ya koma farkon labarin ya duba da kyau. Bugun nan bai kashe ƙanen ba. Carsini ya ja shi cikin rumbun giya, ya ɗaure shi, ya kashe na'urar da ke sanyaya rumbun tana ba shi iska, ya kulle ƙofa, ya hau jirgin sama ya tafi Niyok wurin gwanjo, ya sayi kwalba guda dala 5,000. Yana can yana ciniki, ɗan ubansa yana nan ɗaure cikin duhu yana mutuwa a hankali don rashin iska. Ko da a ce bugun fushi ne, ɗaurin da kullewar da tafiyar shawara ce. In da a gaban alƙali aka karanta wannan, ba da fuskar Pleasence ba, ba da muryarsa ba, babu mai cewa wayyo sai dai don mamacin.

Me ya sa ɗan kallo ya kan manta da haka? Dalilin lissafi ne kawai. Wanda aka kashe minti 10 ko 15 ya ke samu, cikinsu ma sau da yawa a kan nuna shi yana tsawa, ko yana rowa, ko yana barazana, don a sami dalilin kisan. Daga nan ya zama gawa, sai a rufe shi da mayafi. Mai kisan kuwa ya sami sauran wasan duka, kuma shi ne babban baƙo, shi aka ba tufafi masu kyau da magana mai daɗi. Zuciya kuwa wanda ta zauna da shi shi ta ke sabawa da shi, sabo kuma turken wawa ne. Ba a wasa kaɗai a ke haka ba. A kowace rigima mai rai ne ke zuwa ya faɗi nasa, ya yi kuka, ya kawo uzuri, 'yan'uwansa su zo roƙo. Na cikin kabari ba shi da bakin amsawa.

Wasan da ya fi nuna wannan haɗari shi ne na 1974 wanda mashahurin mawaƙin nan Johnny Cash ya fito a cikinsa. An ba shi matsayin Tommy Brown, mai waƙoƙin addini, wanda matarsa ta danne shi tana karɓe kuɗin da ya samu don ta gina wurin ibada. Abin da ta riƙe shi da shi kuwa, ta san ya yi lalata da wata yarinya ta cikin 'yan amshinsa, Maryann, tun yarinyar ba ta kai shekarun girma ba. Sai ya ɗauki matar da yarinyar cikin ƙaramin jirgin sama, ya ba su gahawa da maganin barci, ya yi tsalle da laimar sauka ya bar jirgin ya faɗi da su. Cash yana da murya, yana da fara'a, kowa ya gan shi sai ya ji kamar ya san shi. Masu kallo da yawa su kan sa Tommy Brown cikin waɗanda suka fi ban tausayi. Har Kolombo, sa'ad da ya kama shi, ya faɗi magana mai nufin cewa mai murya irin wannan ba zai zama mugu ɗungum ba. To, a nan masu shirya wasan sun yi kuskure, masu kallon da suka bi su kuma sun yi. Matar a ce ta matsa masa, ko da ya ke matsi ba ya halatta jini. Yarinyar fa? An cuce ta tana ƙarama, sa'an nan aka kashe ta don kada ta yi magana. Daɗin murya bai rage kome ba daga wannan. A tambayi masu yabon wasan sunan yarinyar, a ga mutum nawa za su tuna.

Wani zai ce, to, ashe masu ƙa'idar 1930 sun yi gaskiya, a hana tausayin mai laifi gaba ɗaya. Wannan ma bai yi ba. Mutumin da ba ya iya jin tausayin mai laifi ko kaɗan, yawanci don yana ganin shi ba zai taɓa faɗawa cikin irin ramin ba ne, mai wannan zato kuwa shi ya fi kusa da bakin ramin. Carsini bai tashi da safe da niyyar kisa ba. Son sana'a ne, abin yabo, ya yi masa yawa har ya fi masa ɗan'uwa. Wanda ya kalli wasan ya ji tsoron kansa, ya tuna da gona ko gida ko sarautar da shi ma ya ke jin zai iya yin kome a kanta, wannan tausayinsa ya yi amfani. Abin da ba na ɗan kallo ba ne shi ne yafewa. Yafe jini na masu jini ne, wanda ya zauna bisa kujera yana kallo ba shi da abin da aka ɗauke masa, don haka ba shi da abin da zai yafe. Tausayi ya ce, kaito, mutum kamar wannan ya ɓata kansa. Uzuri kuwa ya ce, ai wanda aka kashe ɗin ma shi ya ja. Tsakanin maganganun nan biyu tazarar taku guda ce, gwanin ɗan wasa kuwa ya kan tsallakar da mutum bai sani ba.

Shi Kolombo yawanci ya kan tsaya daidai kan iyakar. Ba ya zagi, ba ya duka, ba ya wulakanta wanda ya kama, wani lokaci ma ya kan bar shi ya kintsa kafin a tafi. Amma ya kan tafi da shi. An dai sami inda ya sassauta. A wasan 1975 Janet Leigh ta fito a matsayin tsohuwar 'yar rawa da ta kashe mijinta, ashe tana da ciwo a ƙwaƙwalwa, har ta manta ta yi kisan, kwanakinta kuma sun kusa ƙarewa. Wani tsohon abokin rawarta ya ce shi ya yi, Kolombo ya san ƙarya ce, ya kama shi a haka don a ja lokaci matar ta mutu a gidanta. Har yau masu kallo suna musu ko ya kyauta.

Inda aka fi gwada shi kuwa shi ne wasan 1977. Ruth Gordon, tana da shekara 80 da ɗoriya, ta fito a matsayin Abigail Mitchell, 'yar tsohuwa mai rubuta labarun kisa, mai barkwanci, wadda kowa zai so a ce kakarsa ce. Tana da wata 'yar ɗan'uwa da ta ke so ƙwarai, yarinyar ta halaka a teku, hukuma ta ce haɗari ne. Tsohuwa ta tabbata a ranta mijin yarinyar ne, Edmund, ya kashe ta. Sai ta yaudare shi ya shiga ɗakin ajiyarta na ƙarfe, wanda iska ba ta shiga, ta rufe ƙofa ta yi tafiyarta. Yawancin masu kallo suna bayanta, suna cewa ramuwa ta yi. Kaɗan ne su ke lura da cewa wasan, daga farko har ƙarshe, bai tabbatar Edmund ya kashe matarsa ba. Zato ne, mai ƙarfi dai, amma zato. Ita ce mai ƙara, ita ce shaida, ita ce alƙali, ita ce hauni.

Cikin wasan nan ta gayyaci Kolombo ya yi jawabi gaban taron mata, tana so ta ba shi kunya. Ya tashi ya ce yana son aikinsa, yana kuma son mutane, har waɗansu daga cikin masu kisan da ya kan gamu da su ya kan so su, ya girmama su, ba don abin da suka aikata ba, sai don ɓangarensu mai hankali ko mai ban dariya ko mai kirki. Yana faɗi tana kallonsa, kowannensu ya san da wa a ke. Bai daina neman ba kuwa. Ya koma ɗakin ƙarfen ya yi ta dubawa, har ya gane abin da mamacin ya yi cikin duhu kafin numfashinsa ya ƙare. Ya kankare akwatunan ƙarfe ya yi alamar kibiya mai nuna sama, ya yagi takardar farko ta sabon littafin tsohuwar, ya soke waɗansu kalmomi da ƙonannen ashana har abin da ya rage ya zama shaidar cewa ita ta kashe shi, ya cusa takardar cikin mazaunin ƙwan fitila. Wannan karon na cikin kabari ya sami bakin magana.

Tsohuwa ta dubi takardar, ta dubi Kolombo, ta roƙe shi ko zai kau da kai, tun da ita tsohuwa ce ba ta da sauran cutar da za ta yi wa kowa. Ya ce ba zai iya ba, kamar yadda ta san aikinta haka shi ma ya san nasa. Ba ta yi gardama ba. Ta ce masa dai, in da shi aka ba binciken mutuwar yarinyarta tun farko, da duk wannan bai faru ba.